Yadda muka bi diddigin ciwon da ke kama wurin ɗinki bayan tiyatar haihuwa

Idan ka tambayi ma'aikatan ɗakin masu haihuwa ko wurin ɗinkin matan da aka yi wa tiyata yana yawan kamuwa da ciwo, amsar da za ka ji kusan iri ɗaya ce: jefi-jefi dai, ba wani sosai ba. Kuma ba ƙarya suke yi ba, abin da idonsu ya gani suke faɗa. Mace ta kwana uku ko huɗu bayan aiki, a ɗaga filasta a ga wurin a bushe, a rubuta mata sallama, ta rungumi jaririnta ta tafi. Daga nan labarinta ya ƙare a wurinmu. In ciwon ya taso mata a rana ta takwas ko ta goma, sau da yawa ba ɗakinmu take dawowa ba. Ko ta je sashen da ake duba marasa lafiya na waje, ko wani asibitin da ya fi kusa da ita, ko ta yi ta fama a gida. Fayil ɗinta kuwa yana ajiye a ɗakin kati, kalmar ƙarshe da ke cikinsa ita ce an sallame ta lafiya.

Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma ungozoma. Lokacin da kwamitin hana yaɗuwar cututtuka na asibitinmu ya yanke shawarar a daina kintace, a ƙirga abin a rubuce, sai aka ɗora mini tattara bayanai daga ɓangaren masu jego. Aka haɗa ni da wani matashin likita mai neman ƙwarewa a fannin mata, da ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, da wata mai kula da fayiloli. Abin da ya tayar da maganar shi ne alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya. A 2016, da ta fitar da ƙa'idojinta kan hana ciwon wurin tiyata, ta ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita kashi 11 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata suna kamuwa, kuma a Afirka abin yakan kai kashi 20 cikin 100 na matan da aka ciro wa ɗa ta hanyar tiyata. A rahotonta na 2022 kuma ta ce cikin kowane mutum 100 da aka kwantar a asibiti, 7 a ƙasashe masu arziki da 15 a sauran ƙasashe sukan ɗauki wata cutar da ba su zo da ita ba, kuma kusan ɗaya cikin goma na waɗanda suka kamu yakan rasa ransa. Shugabar kwamitin ta ce mana, ko dai mu asibitinmu ya fita daban da na duniya, ko kuma akwai abin da ba ma gani.

Aikin farko, wanda ya fi cin lokaci fiye da yadda kowa ya zata, shi ne mu yarda da juna a kan abin da za mu kira ciwo. Wata nas in ta ga gefen ɗinki ya yi ja za ta ce ya kamu, wani likita kuwa sai ya ga mugunya na zuba zai yarda. In kowa ya ƙirga da nasa ma'auni, lissafin ba shi da amfani. Sai muka ɗauki ma'aunin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta tsara, wanda yawancin masu irin wannan bincike ke bi. Ciwon ya zama ya bayyana cikin kwana 30 daga ranar tiyata. Sannan a raba shi gida uku: wanda ya tsaya a fata da kitsen da ke ƙarƙashinta, wanda ya nutsa har cikin tsoka da jijiyar da ke rufe ciki, da wanda ya kai can ciki, kamar ciwon bangon mahaifa ko taruwar mugunya a mara. Kafin a rubuta cewa ya kamu, sai an ga mugunya, ko gwaji ya nuna ƙwayar cuta a samfurin da aka ɗauka da tsafta, ko likita ya buɗe ɗinkin da gangan saboda zafi da kumburi da ja, ko kuma likitan ya duba ya tabbatar. Ɗan ƙurjin da ke fitowa daidai inda zare ya huda fata ba ya shiga lissafi. Mun buga waɗannan a takarda ɗaya, muka manna a bangon ɗakin wankin ciwo.

Akwai kuma maganar da matashin likitan ya dage a kai, wadda daga baya na ga hikimarta. Ya ce lissafa waɗanda suka kamu kaɗai ba ya faɗin komai. Dole mu san cikin mata nawa. Saboda haka duk matar da aka shiga da ita ɗakin tiyata don haihuwa, ta dare da ta rana, ta gaggawa da wadda aka sa wa rana, sai an buɗe mata takarda. Kowace safiya nakan je in gwada takardunmu da rajistar ɗakin tiyata, don kada wadda aka yi wa aiki da tsakar dare ta kuɓuce mana.

Neman izinin kwamitin ɗa'ar bincike bai ba mu wahala ba, sai dai jira. Tun sanarwar Helsinki ta 1964 ƙa'idar a fili take: ba a sa mutum cikin bincike sai da saninsa da yardarsa. Kwamitin ya ce a cire sunaye a sa lambobi, takardar da ta haɗa suna da lamba kuma a kulle ta daban. Ya kuma hana mu neman yardar mace tana tsakiyar naƙuda ko ana gab da shiga da ita, domin wanda ke cikin azaba zai sa hannu a kan komai. Sai washegari, bayan ta dawo hayyacinta.

Wannan zaman neman yarda ya koya mini yadda ake magana. Da zarar na zauna gefen gado da takarda a hannu, abin da ke fara zuwa zuciyar mace shi ne an gano wata matsala. Wata ta riƙe mini hannu ta ce, "Sista, don Allah ki gaya mini gaskiya, wani abu aka gani a jikina?" Na ce mata, "Ba abin da aka gani, 'yar'uwa. Mu ne muke son mu duba aikinmu. Za mu riƙa kiran ki har wata guda mu ji yadda wurin yake. In kin ce ba kya so, ba abin da zai canza a kulawar da ake yi miki." Tun daga ranar na mayar da wannan jimla ta zama farkon maganata: aikinmu muke dubawa. Kuma nakan karɓi lambar waya biyu, tata da ta wanda ta amince da shi a gida, in tambaye ta lokacin da ya fi mata sauƙi a kira.

Takardar bayanan shafi biyu ce. Shekaru, nauyi, ƙarfin jini, ko akwai ciwon sukari, awa nawa aka yi da fashewar faya kafin aiki, sau nawa aka duba ta ta ƙasa a lokacin naƙuda, da tsawon lokacin tiyata. Waɗannan duk ana samunsu a fayil. Amma akwai abin da fayil ba ya faɗa, sai ka tsaya ka gani da idonka, shi ya sa muka riƙa shiga ɗakin tiyata bi da bi, mu tsaya a lungu da agogo.

A nan ne muka ci karo da abin da ya fi komai girma a binciken, wato lokacin da ake ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta na rigakafi. Hikimarsa ita ce ya riga wuƙa isa wurin, ya kasance yana yawo a jini a daidai lokacin da aka yanka fata. Shi ya sa ake son a yi allurar cikin minti 30 zuwa 60 kafin yanka. A da, ana jinkirta ta a tiyatar haihuwa har sai an ɗaure cibiya, don gudun kada maganin ya isa ga jariri, amma bincike ya nuna ba da ita kafin yanka ya fi kare uwa, kuma tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi hakan, allura ɗaya tak, daga dangin cefazolin ko penicillin. Mu kuwa abin da muka gani ya sha bamban. Wani lokaci a yi ta bayan fito da jariri, wani lokaci sai an kai mace gadonta, wani lokaci kuma ba wanda zai iya cewa ga lokacin da aka yi. Dalilin ba sakaci ba ne irin wanda ake zato. Likitan tiyata ya rubuta, yana ganin nas ɗin ɗaki ta yi. Nas tana ganin mai sa barci zai yi. Mai sa barci kuwa ba wanda ya taɓa ce masa aikinsa ne. Bayan tiyata kuma sai a jera wa mace allurai da ƙwayoyi na kwana biyar ko bakwai, wai don a tabbatar. Wato a lokacin da maganin ke da amfani ba a ba da shi ba, a lokacin da amfaninsa ya wuce kuma ana ta ɗura shi.

Sai aski. An saba a aske mara da reza kafin aiki, wani lokaci tun daren jiya. Reza tana barin ƙananan yankuna a fata waɗanda ido ba ya gani, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama su hayayyafa kafin safiya. Ƙa'idojin 2016 sun ce kada a yi aski ko kaɗan, in kuma gashin zai hana aiki, a rage shi da injin aski, ba reza ba. Haka nan sinadarin da ake shafa wa fata, musamman mai haɗe da barasa, yana buƙatar a bar shi ya bushe da kansa kafin a shimfiɗa ƙyallen tiyata, amma in ana sauri sai a goge shi da auduga. Ƙofar ɗakin ma na riƙa lura da ita. A tiyata guda a buɗe a rufe ba iyaka, wannan ya shigo neman zare, wancan ya leƙo tambaya, kowane buɗewa kuma yana dagula iskar ɗakin.

Ɓangare na biyu shi ne tsaftar hannu a ɗakin masu jego. Mun yi amfani da tsarin lokuta biyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar cikin ƙa'idojinta na 2009: kafin ka taɓa majiyyaci, kafin aikin da ke buƙatar tsafta kamar wankin ciwo ko sa allura, bayan haɗuwa da jini ko wani ruwan jiki, bayan ka taɓa majiyyaci, da bayan ka taɓa abin da ke kewaye da shi. Mai lura yakan zauna na minti 20 ko kusa da haka, yana rubuta duk lokacin da ya kamata a tsaftace hannu, da ko an yi. Matsalar ita ce mutane in sun san ana kallonsu sukan gyara hali. Da na shigo da takarda sai ka ga kowa ya nufi famfo. Don haka muka ƙara wani ma'auni da ba ya ganin idon kowa: yawan sinadarin goge hannu da ɗakin ke sha a wata, idan aka kwatanta da yawan masu kwanciya.

Abin da ya fi damuna a nan safar hannu ce. Mutum ya sa safa guda, ya taɓa wannan gado, ya gyara ƙarin ruwan waccan, ya ɗauki biro ya yi rubutu, yana ji a ransa a tsaftace yake. Safar ta kare shi, amma ta zama motar da ke ɗaukar cuta daga gado zuwa gado. Famfonmu kuma ɗaya ne, yana can ƙarshen ɗaki. Wankin hannu da sabulu yadda ya kamata yana cin daƙiƙa 40 zuwa 60, ban da tafiya da dawowa. Nas ɗaya mai kula da gadaje da yawa a aikin dare, in za ta je famfo a duk lokacin da ƙa'ida ta ce, ba za ta yi wani aikin ba. Goge hannu da sinadari mai barasa kuwa daƙiƙa 20 zuwa 30 ne, a tsaye a gefen gado. Amma kwalbar tana kan teburin nas, ba a gefen gado ba.

Duk wanda ya yi aiki a ɗakin haihuwa ya kamata ya san labarin likita Ignaz Semmelweis, domin a irin ɗakinmu ya faru. A babban asibitin Vienna, matan da likitoci da ɗalibai ke karɓar haihuwarsu suna mutuwa da zazzaɓin jego fiye da waɗanda ungozomomi ke kula da su, nesa ba kusa ba. Ya lura likitocin daga ɗakin binciken gawa suke fitowa su duba masu naƙuda. A watan Mayun 1847 ya tilasta wanke hannu da ruwan kulorin, sai mace-macen da suka kai kusan kashi 18 cikin 100 a watan Afrilu suka faɗo ƙasa da kashi 3 cikin 'yan watanni. Duk da haka manyan likitocin zamaninsa da yawa suka ƙi yarda, ya rasu a 1865 ba a karɓi maganarsa ba. Abin da nake ɗauka daga labarin shi ne ƙidaya ce ta buɗe masa ido, sannan ƙidayar kaɗai ba ta isa ta sauya halin mutane ba. Wanda ya nuna yadda ake sauya halin shi ne Didier Pittet da abokan aikinsa a asibitin jami'ar Geneva. Sun kai sinadarin goge hannu gefen gado da aljihun ma'aikata, suka riƙa nuna musu sakamako a kai a kai. Daga 1994 zuwa 1997 bin ƙa'idar tsaftar hannu ya tashi daga kashi 48 zuwa 66 cikin 100, yawan masu ɗauke da cutar asibiti kuma ya sauko daga kashi 16.9 a 1994 zuwa 9.9 a 1998.

Zuciyar aikin dai ita ce kiran waya. Mun tsara a kira kowace mace a ƙarshen makon farko, da na biyu, da kuma rana ta 30. Tambayoyin gajeru ne, kuma ba na cewa "wurin ya kamu da ciwo?" domin kusan kowa za ta ce a'a. Sai dai in ce: akwai ruwan da ke fita? Wane launi ne, yana da wari? Zafin raguwa yake ko ƙaruwa? Wurin ya kumbura, ko ya buɗe? Kin yi zazzaɓi? Jinin biƙi ya canza wari? Kin je wani wuri an duba ki, ko kin sha wani magani? In amsa ɗaya ta ba ni shakka, sai in ce ta zo a duba ta, kuma mun shirya da sashen wankin ciwo cewa duk wadda muka kira ba za ta bi dogon layi ba.

A waɗannan kiraye-kirayen ne matan da fayil ya ce an sallame su lafiya suka fara bayyana. Mafi yawan waɗanda muka tabbatar sun kamu, bayan sallama ciwon ya fito musu. Ba zan manta da wata ba, haihuwarta ta fari. Da na kira, mahaifiyarta ce ta ɗauka, ta ce lafiya lau. Na ce, "Mama, don Allah a ba ni ita in ji muryarta." Da ta karɓa, murya ƙasa-ƙasa ta ce tun shekaranjiya ruwa ke tsatsafowa, ta yi shiru ne don tana ganin laifinta ne, ta sunkuya ta ɗauki abu mai nauyi. Ta zo washegari. Ƙarƙashin fatar da ta yi kamar ta haɗe akwai mugunya, sai da aka warware zare aka wanke, aka bar wurin a buɗe ya warke daga ciki. Makonni ta yi tana zuwa wanki, da jariri a hannu. Da na duba takardarta, an yi mata aski da reza, allurar rigakafi kuma sai bayan an gama aiki aka yi. Ba zan iya rantsuwa cewa waɗannan ne suka jawo mata ba, ciwo yana da dalilai da yawa. Amma na gaya mata da bakina cewa ɗaukar kaya ba ya haifar da mugunya, ta daina zargin kanta. Har yau abin yana taɓa ni, yadda mata ke ɗaukar laifin abin da wataƙila daga hannunmu ya fito.

Akwai kuma waɗanda ba mu same su ba sam, waya a kashe ko lambar ta daina aiki. An so a lissafa su cikin masu lafiya, da hujjar cewa da akwai matsala da sun dawo. Muka ƙi. Ai wannan zaton ne tun farko ya rufe mana ido. Muka ware musu gurbi na daban, waɗanda ba a san halin da suke ciki ba, kuma a kowane rahoto muna faɗin yawansu.

Ɗakin gwaje-gwaje wata duniya ce da ban san ta sosai ba sai a wannan aiki. Abokin aikinmu na can ya fara da gyara mana yadda muke ɗaukar samfur. In ka dangwala auduga a busasshiyar mugunyar da ke sama, ƙwayoyin da ke zaune a fata kawai za ka kwaso. Sai an wanke wurin da ruwan gishirin asibiti tukuna, a murza audugar a kan jan naman ciwon, kuma in zai yiwu kafin a fara magani, sannan a kai da wuri. Shi kuma ya shafa a faranti mai abincin ƙwayoyin cuta, ɗaya mai haɗe da jini, ɗaya wanda ake kira MacConkey, ya sa a na'ura mai ɗumi kwatankwacin ɗumin jikin mutum su kwana. Washegari ya rina su da rinin Gram ya duba a madubin likita, sannan ya jera ƙananan faya-fayen takarda masu ɗauke da magunguna daban-daban a kan wani farantin. Inda magani ke aiki, sai ka ga fili ya zagaye takardar, ba abin da ya tsiro. Inda ba ya aiki, ƙwayoyin sun tsiro har jikinta.

Ya kira ni wata rana in ga wani faranti da idona. Wata ƙwayar cuta ce mai suna Klebsiella, daga ciwon wata mata, ta tsiro har gindin takardar ceftriaxone, maganin da muke jera wa kusan kowa bayan aiki. Mun kuma samu Staphylococcus aureus, wadda ta fi yawa a irin wannan ciwo, har da nau'inta mai taurin kai da ake kira MRSA, da Escherichia coli. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin bakteriya da suka daina jin magani. Na sha jin wannan adadi, amma ranar da na ga farantin ne na haɗa shi da alluran kwana bakwai da nake yi da hannuna.

Ranar gabatar da sakamako ta yi zafi. Mun riga mun yanke cewa ba za a ambaci sunan kowa ba. Kowane likita an ba shi nasa lissafin a rufe, na ɗaki gaba ɗaya ne kawai aka nuna a allo. Duk da haka wani babban likita ya ce, tunda a gida ciwon ke fitowa, ai a gida ake samo shi, matan ne ba sa kula da tsafta. Na nemi izini na ce, "Ranka ya daɗe, fata takan haɗe cikin kwana biyu. Ƙwayar da ke yin mugunya a ƙarƙashinta galibi tun wurin yana buɗe ta shiga, kwanaki take ɗauka kafin ta nuna kanta. Shi ya sa ma'aunin ya ce kwana 30." Matashin likitan ya ɗora da allon da ke nuna lokutan allurar rigakafi. Ɗakin ya yi tsit. Wanda ya fara magana shi ne shugaban masu sa barci, ya ce in dai za a kawo maganin tare da majiyyaciya, su za su ɗauki nauyin yi, su kuma rubuta lokaci. Wannan jimla guda ta fi duk abin da muka faɗa a ranar amfani.

Shugabar kwamitin ta tuna wa taron cewa nuna wa likitoci sakamakon aikinsu ba sabon abu ba ne. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Amurka, wanda aka buga a 1985, ya gano cewa asibitocin da ke da tsarin sa ido da ma'aikatan da aka ware don haka sun rage cututtukan asibiti da kusan kashi 32 cikin 100, kuma a ɓangaren tiyata, mayar wa likitoci da lissafinsu na cikin abubuwan da suka yi tasiri. Ta kuma kawo aikin likita Peter Pronovost a jihar Michigan ta Amurka, inda ɗakunan kulawa ta musamman 103 suka rungumi matakai biyar masu sauƙi wajen sa robar babbar jijiya, ciwon jini da ke biyo bayanta ya ragu ƙwarai, aka buga sakamakon a 2006. Abin da ya fi jan hankalinmu mu ma'aikatan jinya a ciki shi ne an ba nas ikon dakatar da likita in ya tsallake mataki. Mun roƙi a ba mu irin wannan dama a kan abu ɗaya kawai: kafin a miƙa wuƙa, nas ɗin tiyata ta tambaya da ƙarfi, "An yi allurar rigakafi? Ƙarfe nawa?" Aka amince.

Sauran gyare-gyaren sun biyo baya da sauri. An kwashe reza daga ɗakin shiri. An fara wanke farji da ruwan aidin gab da aiki, kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Sashen magunguna ya fara haɗa sinadarin goge hannu da kansa bisa tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, mai ɗauke da barasar ethanol kashi 80 cikin 100, da ɗan gilisarin don kada hannu ya bushe, da ɗan hydrogen peroxide, a ajiye shi awa 72 kafin a fara amfani da shi. Aka ɗaura kwalba a ƙafar kowane gado. Muka riƙa tuna wa juna cewa in hannu ya ɓaci da jini ko datti a zahiri, ko ana jinyar mai gudawar da ƙwayar cutar Clostridioides difficile ke kawowa, sinadarin bai isa ba, sai ruwa da sabulu. Robar fitsari ma ta shigo ciki, ko da yake ba ita muka fito nema ba. Kowace rana da ta ƙara a jiki, haɗarin shigar ƙwayoyin cuta mafitsara yana ƙaruwa da kashi 3 zuwa 7 cikin 100, don haka aka sa tambayar cire ta cikin zagayen safe, ba sai an tuna ba. Kuma kafin sallama, yanzu ana zama da kowace mace a gaya mata alamomin da in ta gani ta dawo ba tare da jinkiri ba, a gaban wanda zai kula da ita a gida.

Abin da ya ƙi motsi shi ne dogon magani bayan tiyata. Likita ya yarda da hujja a taro, amma in ya tsaya kan matar da ta yi doguwar naƙuda aka kawo ta a galabaice, hannunsa ba ya iya rubuta allura ɗaya ya tsaya. Na fahimci tsoron, domin wasu daga cikin matan da gaske sun zo da ciwo a mahaifa, kuma su magani suke buƙata cikakke, ba rigakafi ba. Matsayar da aka cimma ita ce duk wanda zai ci gaba da magani bayan aiki ya rubuta dalili a fayil. Hakan ya rage abin a tiyatar da aka sa wa rana, amma a ta gaggawa har yanzu ana tufka ana warwara, musamman in sababbin likitoci suka zo.

Da muka sake zagaye na biyu na ƙidaya da ma'auni iri ɗaya, allurar rigakafi a kan lokaci ta zama ita ce al'ada da rana, da dare kuma da saura. Ɗakin yana shan sinadarin goge hannu fiye da da. Yawan masu kamuwa ya sauko, kuma ma'aikatan sashen wankin ciwo sun faɗi haka tun kafin mu gama lissafi. A rahoton dai mun rubuta a fili cewa asibiti ɗaya ne, kuma kwatanta kafin da bayan gyara ba ya tabbatar da wane mataki ne ya yi aikin, tunda tare aka canza su. Kwamitin ya mayar da takardar shafi biyun ta zama cikin fayil ɗin duk matar da za a yi wa tiyata, aka kuma ware waya da awanni a jadawalin aiki don kiran rana ta 30, maimakon a bar shi ga wanda ya samu sarari. Yanzu ina koya wa nas biyu yadda ake yin kiran, domin an ce in koma ɗakin jarirai, inda za mu fara irin wannan ƙidaya a kan ciwon jini da ke biyo bayan sa kanula, wato 'yar robar da ake sawa a jijiya don ƙarin ruwa ko allura.